Kafin ka biya kuɗin biza, ka tambayi iskar garin

1/ Zare ne mai tsawo, kuma na san zai ɓata wa wasu rai. Duk mai shirin tahowa Kanada karatu ko aiki, musamman masu hangen garin St. John's na Newfoundland saboda an ce makarantarsu da sauƙin kuɗi, akwai abin da ake ɓoye muku. Iska. Ku samu wuri ku zauna. 🧵

2/ Abin da ya tunzura ni: jiya a wani Space wata ƙanwarmu ta tambaya ko garin yana da iska sosai. Aka fashe da dariya. Wani ya ce "ke da za ki bar Najeriya, iska ce damuwarki?" Ba wanda ya ba ta amsa. To ni zan ba ta, tunda hunturu huɗu na yi a garin.

3/ Amsa a taƙaice: ƙwarai kuwa. A cikin manyan biranen Kanada babu wanda ya kai St. John's iska. Matsakaicin gudunta a shekara ya haura kilomita 20 a awa. Matsakaici fa na ce, an haɗa har da ranakun da ta yi lamo. Shikago da Amurkawa ke wa kirari da birnin iska ba ta kai haka ba.

4/ Kuma ba ita kaɗai take zuwa ba. Garin yana yin kusan kwana 120 na hazo a shekara, hazo mai laima irin na teku. Dusar ƙanƙarar da ke zuba a shekara ta haura mita 3 in an tara. Duk waɗannan da sauƙi in su kaɗai ne. Iskar ce take mayar da su wani abu daban.

5/ Buɗe taswira ka gani da idonka. Newfoundland tsibiri ne da ya kutsa cikin Tekun Atlantika, St. John's kuma yana can bakin gabashinsa. Daga Cape Spear da ke gefen gari, in ka miƙe gabas babu wata ƙasa sai Turai. Babu dutse, babu daji, babu abin da zai tare maka iskar teku.

6/ Ga kuma ruwa biyu da ke karo a kusa: mai sanyi da ke gangarowa daga Labrador, da mai ɗumi da ke hawowa daga wajen Tekun Meksiko. Haɗuwarsu ce ke haifar da hazon. Hadarin da ya taso daga gabashin Amurka kuma a wannan yankin yake ƙara ƙarfi, sannan ya bi ta kan tsibirin. Garin a kan hanyarsa yake zaune.

7/ Na san lamba ba ta shiga jiki, to bari in kawo ta kusa. A gudun kilomita 40 a awa lema ta daina amfani. A 60 kana tafiya kana tura iska kamar mai tura baro. Daga 90 zuwa sama bishiyoyi ke tumɓukewa, falwaya ta faɗi. Iskar da ta haura 100 a nan ba labarin shekara goma ba ce, kusan kowane hunturu ana samu.

8/ Kana son ka ɗanɗana? Ran da ka hau mota a titin Kano zuwa Zariya, direba ya kai 100, ka ɗan fitar da tafin hannunka ta taga. Abin da ka ji a hannu, shi za ka ji a duk jikinka, kana tsaye a kan ƙanƙara mai santsi, da ledar cefane a kowane hannu.

9/ Wani abu da mutane ba su lura da shi ba: in gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin bugunta sau huɗu yake ninkawa. Saboda haka kada ka ga 50 da 100 ka ce ai ninki ɗaya ne kawai. Ta 50 hula take cire maka. Ta 100 rufin ɗaki take nema.

10/ Yanzu ga dabarar masu talla. Za su nuna maka cewa a Janairu matsakaicin sanyin St. John's wajen -5 ne, na Winnipeg kuwa ya wuce -15. Su ce ka gani, ai nan ya fi sauƙi. Lambobin gaskiya ne. Abin da suka bari a aljihu shi ne yadda jikinka zai ji wannan -5 ɗin.

11/ Jikin mutum yana ɗumama 'yar iskar da ke manne da fatarsa, ta zame masa kamar bargo. In iska na kaɗawa, sai ta dinga yaye wannan bargon, jiki ya sake ɗumama wani, ta sake yayewa. Shi ya sa kake hura koko in ya yi zafi. To a nan kai ne kokon.

12/ Hukumar yanayi ta Kanada tana da lissafin wannan. -5 da iskar kilomita 40 a awa, fata tana jin sa kamar -14. In -10 ne da iskar 50, kamar -22. Ƙara da cewa iskar nan jiƙaƙƙiya ce, tana shigowa da ruwa ta bi ɗinkin riga. Wannan lambar ce za ka rayu da ita, ba wadda aka saka a takardar talla ba.

13/ Sai masu cewa "haba, mu da muka tashi cikin hunturun Kano da Jos." Malam, dakata. Hunturunmu busasshe ne. Iska ce daga Sahara, ta kwaso ƙura ta busar da leɓe ta fasa kaushi. Amma da hantsi ya yi rana ta fito, ka cire suwaita, tsofaffi su fito shan hantsi a gindin katanga.

14/ Sanyin da muke kuka da shi a gida da asuba, har a hura wuta a tsakar gida, digiri 10 ne ko 12 sama da sifili. A St. John's, ranar da aka samu digiri 12 a watan Afrilu, za ka ga 'yan gari da gajeren wando. Kada ka zo da taƙamar hunturun gida, ba layi ɗaya suke ba.

15/ Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mu ne muke raina tambayar iska. Mu da duk farkon damina sai mun ji iska ta yaye kwanon gidaje da azuzuwan makaranta. Mu da muke ɗora duwatsu da tsofaffin tayoyi a kan rufi. Kowane magini a Arewa ya san katangar gabas ce hadari ya fi duka.

16/ Mahaifinka ba zai sayi fili ba sai ya tambaya ko ruwa na kwanciya a wurin. Amma kai za ka kwashe kuɗin gonar gado ka ƙaura garin da ba ka taɓa gani ba, kuma wai abin kunya ne ka tambayi yadda sararin samaniyarsa yake? Wa ya koya mana wannan?

17/ Kuma tamu iskar damina minti talatin ce, ta yi ɓarnarta ta wuce, ruwa ya sauka, gari ya yi daɗi. Ta nan tana iya yin kwana biyu ba ta tsaya ba. Gidajen katako ne, kana kwance kana jin bango yana numfashi, taga tana fito. Akwai daren da za ka ga ruwan masai yana motsi shi kaɗai.

18/ Bari in ba ku tarihi kaɗan, kada a ce raki ne na baƙo. A Disambar 1901 Marconi ya hau tudun Signal Hill da ke cikin garin don ya karɓi saƙon rediyo na farko da ya ƙetare Atlantika. Sai da iska ta tsinke masa balan-balan ɗin da ya ɗaga wayarsa da shi ta tafi da shi. Tun zamanin take.

19/ A kudu maso yammacin tsibirin akwai wani wuri, Wreckhouse. Iska tana matsowa ta tsakanin duwatsu ta faɗo kan hanya, wani lokaci ta haura kilomita 200 a awa. A zamanin jirgin ƙasa taragai take turewa daga kan dogo. Da gaske nake, je ka bincika.

20/ Har sai da kamfanin jirgin ya ɗauki wani manomi mazaunin wurin, Lauchie MacDougall, aiki tun 1939. Aikinsa kawai ya duba iska ya ce jirgi ya wuce ko ya tsaya. Ya yi har ya rasu a 1965, matarsa ta ci gaba. Mutanen da suka ba mutum albashi saboda iska, su ne kake cewa tambayarta shirme ne.

21/ Wreckhouse yana da nisa da St. John's, kusan kilomita 900 a mota. To ina ruwanka? Ruwanka shi ne mafi yawan abincin tsibirin daga waje ake kawo shi. Tireloli da yawa jirgin ruwa ne ke sauke su a Port aux Basques, kuma ta Wreckhouse suke bi. Har yau iskar tana kifar da tirela a wurin.

22/ In iska ta hana jirgin ruwan tashi kwana biyu ko uku, za ka shiga kanti ka tarar wajen tumatir da ganye wayam. Ka ga yadda abin da aka yi wa dariya a Space ya shigo har cikin tukunyar miyarka.

23/ Ranar Juma'a 17 ga Janairun 2020, dusar ƙanƙara santimita 76 ta zuba a garin a yini ɗaya, iska tana bugawa sama da kilomita 130 a awa. Ni ban iso ba lokacin, amma duk wanda ka tambaya yana da hoto a waya: ya buɗe ƙofa ya tarar da farin bango har sama.

24/ Santimita 76 bai kai ƙugu ba. Iska ce ta kwashe ta ta jibge a ƙofofin mutane, ta binne motoci. Aka kafa dokar ta-ɓaci ta kwana 8, aka turo sojoji su taya haƙa. Kantuna sun yi kwanaki a rufe. Ka tambayi kanka: ɗalibin da ya iso a makon, bai san kowa ba, me ya ci?

25/ A Satumbar 2021 mahaukaciyar guguwar Larry ta bi ta yankin cikin dare, dubban gidaje suka wayi gari babu wuta. Satumbar 2022 kuma Fiona ta haɗa iska da igiyar ruwa ta kwashe gidaje a Port aux Basques ta zuba a teku. Satumba, watan da sababbin ɗalibai ke sauka da akwatunansu.

26/ Amma wallahi ba manyan ranakun nan ne ke karya mutum ba. Su ana sanarwa, a rufe makaranta, kowa ya zauna a gida. Abin da ke cin mutum shi ne Talatar da babu wata sanarwa, iska tana 50, kana tsaye a tashar bas ƙarfe shida na safe, bas ɗin da ya wuce ka kuma sai bayan awa guda wani zai zo.

27/ Mu zo batun kuɗi, tunda shi ne yaren da kowa ke ji. A tallan haya a nan za ka ga an rubuta POU. Ma'anarsa kai za ka biya kuɗin wutarka. Gidajen haya da yawa da lantarki ake ɗumama su. Tsohon gidan katako mai tsofaffin tagogi, iska tana shiga tana fitar da ɗumin da ka saya.

28/ Ɗakin da ka gani da araha a watan Agusta, jira takardar wutar Fabrairu. Tawa takan ninka ta bazara sau uku. Na san waɗanda ke kashe hita su kwana da jaket da safa biyu don kuɗin ya isa a tura gida. Ejan ɗinka ya saka wannan a lissafin da ya yi maka?

29/ Jaket ɗin da ka saya a gwanjo kafin ka taho, mai kauri kamar katifa, in iska da ruwa na ratsa shi bai da amfani. Nan ana buƙatar wanda ke tare iska, ruwa ba ya shiga, mai hular da ake zugewa ta kama fuska. Da takalmi mai kama ƙasa. Kuɗi ne masu kauri, kuma a makon farko ake buƙatarsu.

30/ Ɗalibin waje awa 24 aka yarje masa ya yi aiki a mako a wajen makaranta. Aikin awa ne, in ba ka je ba babu kuɗi. Ran da aka janye bas daga titi saboda hadari, ko ka biya tasi kuɗin da ya cinye rabin aikin ranar, ko ka zauna ka rasa duka. Sau nawa za ka iya haka a wata?

31/ Ga tafiyar ƙasa. Garin tudu ne da gangare. In dusar ƙanƙara ta cike gefen titi, mutane kan titin mota suke bi. Ƙasa santsi, iska tana tura ka gefe, mota tana tahowa, hazo ya rufe. Masu mota kuma sun san doka: riƙe ƙofa da hannu biyu in za ka buɗe, in ba haka ba iska ta banƙare ta.

32/ 'Yan uwa mata, wannan naku ne. Mayafi mai santsi da dogon hijabi mai faɗi, iskar nan laima take mayar da su. Waɗanda suka daɗe sun koma ƙaramin hijabi mai kama kai, su tura shi cikin jaket. Mu maza kuma, mai son zuwa Juma'a a Masjid an-Noor da babbar riga da zanna bukar, ya riƙe hularsa a hannu har ya shiga.

33/ Abin da ba a son faɗa shi ne abin da take yi wa zuciya. Mu mutanen waje ne. Mun saba zaman majalisa, shayi a bakin titi, leƙa maƙwabci ba tare da sanarwa ba. A yarenmu ma in mutum zai huta sai ya ce zai fita shan iska. To ka zo garin da iskar ce ke kora ka ɗaki.

34/ A Disamba ƙarfe huɗu da 'yan mintuna rana ta faɗi. Ka dawo ɗaki kai kaɗai, taga tana kuka, gida sun riga ka da awa huɗu da rabi, kafin ka natsu duk sun yi barci. Wata biyar a haka. Na ga samari masu ƙarfin hali sun yi shiru sun rame, kuma ba sa iya gaya wa gida, don an sayar da abu an turo su.

35/ Yanzu bari in juyo kan waɗanda na rubuta zaren nan dominsu. Na farko, ejan-ejan. Kana karɓar kuɗin yaro ka cika masa fom ɗin garin da kai kanka ba za ka iya nuna shi a taswira ba. Wasunku ba su ma san St. John's daban, Saint John na New Brunswick daban ba. Ku ji tsoron Allah.

36/ Na biyu, 'yan uwana da ke nan, masu TikTok. Duk bidiyonku na Yuli da Agusta ne: gidaje masu launi, teku shuɗi, kifi whale yana tsalle. Ka ɗora waƙa a kai don kada a ji ƙarar iska a makirufo. Ina na Fabrairu? Ina na ranar da ka bi kwandon shararka da gudu har layi na biyu?

37/ Na gane dalili. Ba wanda ke son a gida a ce ya je yana shan wuya. Amma hoton da ka saka don ka burge abokan hamayya, wani yaro a Gusau yana kallonsa yana yanke shawarar rayuwarsa a kai. In ba za ka nuna duka ba, aƙalla in an tambaye ka a DM ka faɗi gaskiya.

38/ Na uku, masu cewa "matsalar Najeriya ta fi wannan." Wa ya musa? Na san abin da ya koro mu: yajin aikin jami'a, rashin aiki, rashin tsaro, tsadar rayuwa. Amma wanda ya gudo daga gobara ba a hana shi duba zurfin rijiyar da zai faɗa. Kanada ƙasa ce mai faɗin gaske, yana da zaɓin gari.

39/ Na huɗu, masu cewa "ai mutane na zaune a can." Suna zaune mana, ɗaruruwan shekaru ma. Amma su a ciki aka haife su. Suna da mota, da janareta ko murhun itace, da firiza cike da nama, da kawu mai motar ture ƙanƙara. Kai da akwati biyu za ka sauka. Iska na wahalar da mai kayan kara, kuma sabon zuwa shi ne mai karan.

40/ Na biyar, waɗanda tun yanzu suna rubuta "ka haye ka janye tsani." Da ina son janye tsani, shiru zan yi in bar ku ku zo ku gani. Ban ce kada kowa ya zo ba. Ni ina nan, kuma ban tattara kayana ba. Cewa na yi ka san abin da ka saya kafin ka biya.

41/ Don adalci: mutanen Newfoundland suna da kirki na gaske, irin wanda baƙo ke ji a jikinsa. Maƙwabci zai share maka ƙofa bai tambaye ka ba. Gari ne ƙarami mai kwanciyar hankali. Bazararsu gajera ce amma babu zafi, iskar da ta wahalar da kai ita ce ke sanyaya ka. Wasu sun zo sun so shi sun zauna.

42/ Sai dai lissafin arahar ma a sake duba shi. Jami'ar Memorial ta yi suna da sauƙin kuɗi shekaru da yawa, shi ya jawo 'yan Najeriya. A 2022 aka ƙara, sabon ɗalibin waje mai digirin farko ya koma dala 20,000 ta Kanada a shekara. In wani yana ba ka labarin farashin da, tsohon labari ne.

43/ To me za ka yi? Ɗaya: saka garin a manhajar yanayi ta wayarka tun yau. Kada ka tsaya a digiri. Duba gudun iska, da mafi ƙarfin bugunta, da lambar da ke nuna yadda jiki zai ji sanyin. Yi haka kullum na wata guda tsakanin Disamba da Maris. Kyauta ne, data kawai zai ci.

44/ Biyu: shafin hukumar yanayi ta Kanada yana da bayanan shekarun baya na kowane gari, rana bayan rana. Ɗauki garuruwa biyu ko uku da kake tunani ka jera su. Minti talatin ne. Ka ɓata fiye da haka jiya kana musun Barca da Madrid.

45/ Uku: nemi wanda ke zaune a garin ka ce ya turo maka bidiyon hanyarsa ta zuwa aiki a watan Fabrairu, da sautinsa, ba waƙa. In ya ce ba shi da shi, tambaye shi me ya sa. Kuma ka tambayi mai tafiya a bas, kada ka tambayi mai mota. Ba gari ɗaya suke zaune ba.

46/ Huɗu: kafin ka kama ɗaki daga nesa, tambayi waɗannan. Kuɗin wuta yana cikin haya? In ba ya ciki, nawa aka biya a Fabrairun bara? Da me ake ɗumama gidan? Tagogin sababbi ne? Minti nawa ne zuwa tashar bas a ƙafa, kuma hawa ne ko gangara? Mai gidan da ya ƙi amsawa ya riga ya amsa.

47/ Biyar: ware kuɗin jaket da takalmi daban, ka saya bayan ka sauka, ka tambayi 'yan gari irin wanda suke sawa. Ajiye shinkafa, taliya, gwangwanaye, tocila da fawa bank na aƙalla kwana uku tun kafin Disamba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

48/ Shida, kuma wannan da gaske nake: in kana da asma, ko ciwon sikila, ko ka san kaɗaici yana taɓa ka, zauna da likita ka gaya masa ainihin yanayin garin kafin ka karɓi gurbin karatun. Sanyi mai ratsa jiki yana tayar da ciwon sikila, duk mai shi ya sani. Wannan ba wajen nuna jarumta ba ne.

49/ Kuma kada a ɗauka St. John's kaɗai nake nufi. Mai hangen Lethbridge a Alberta, can ma iska na kifar da tireloli. Mai hangen Aberdeen a Sikotlan, bakin Tekun Arewa za ka zauna. Mai hangen Wellington a New Zealand, ita ma da iska ta yi suna. Ko ina ne, tambayar ɗaya ce.

50/ Tawakkali muna da shi, da shi muka hau jirgi. Amma ban taɓa jin malamin da ya ce tawakkali ya hana tambaya ba. Ka bincika, ka shirya, sannan ka bar wa Allah sauran. Wanda ya ce maka tambaya rashin imani ce, duba da kyau, wataƙila yana da kamasho a tafiyarka.

51/ Mazauna Newfoundland da sauran garuruwan iska, ku sauko ƙasan zaren nan ku faɗi naku, mai daɗi da marar daɗi. Ku saka bidiyon Fabrairu. Masu shirin tahowa ku yi tambaya, ba wanda zai yi muku dariya a nan, wanda ya yi zan toshe shi. Ku tura wa wanda kuka san yana cika fom. Allah Ya sa mu dace.